Yadda Ake Kame Baki a Abuja, da Yadda Manniru Tela Ya Kasa

Wannan jagora ce ga duk wanda yake so ya zauna a Abuja shekara da shekaru, ya ci tuwonsa, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa, ba tare da wani ya taɓa nuna shi da yatsa ya ce "wancan ne ya yi magana" ba. Na ba ka tabbaci, idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ko rufin gidanku aka yaye da rana tsaka ba za a ji muryarka cikin masu ƙorafi ba. An gwada su a kan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da direbobi, duk sun yi aiki. Mutum ɗaya na sani da suka ƙi yi wa aiki, shi ma laifinsa ne: Manniru Tela na Unguwar Gangare, can bayan Jikwoyi. Da shi zan riƙa yi maka misali, don ka ga yadda ake yi, ka kuma ga inda ake zamewa.

Mataki na 1: Ka rabu da ra'ayi

Ra'ayi kaya ne mai nauyi, kuma ba a biyan kowa ladan ɗaukarsa. Ka ajiye shi. Idan an tambaye ka wa kake so a zaɓe, ka ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Idan an matsa, ka ce duk ɗaya suke. Idan an ƙara matsawa, ka tuna ka bar wayarka a wajen caji.

A wannan fanni Manniru malami ne. Mutumin Funtua ne, shekararsa goma sha bakwai a Abuja, yana da shago ɗaya da keken ɗinki ɗaya mai kukan da duk layin sun san shi. A shekarun nan ya ɗinka wa jam'iyyu uku anko, wani lokacin a mako guda, yana ɓoye yadin wannan a ƙarƙashin na wancan. Da zarar masu jiran ɗinki sun fara zancen siyasa a kan bencinsa, sai ya ɗebi allurai huɗu ya cusa a leɓe. Wa zai nemi amsa daga mutumin da bakinsa ke cike da allura? Katin zaɓe kam yana da shi, don wani banki ya taɓa neman shaida, amma katin bai taɓa ganin rumfar zaɓe ba.

Mataki na 2: Ka saba da abin da ke cinka

Kowace unguwa da tata masifar. Kada ka yaƙe ta, ka koyi zama da ita. Masana sun tabbatar cewa matsalar da aka yi shekara biyar ana kallo ta daina zama matsala, ta zama alamar kwatance.

Ta Unguwar Gangare wani kwazazzabo ne da ya tsaga ta biyu. Kowace damina sai ya ci wani abu. Ya fara da bola, ya ci ban-ɗakin wani mai wanki, ya ci rabin wani coci da katangar makarantar Islamiyya duk a ruwan dare ɗaya, don shi ba ya tambayar addini. Akwai wani ɗan siyasa da ake kira Honarabul Garkuwa, wanda ya ci kujerar kansila sau biyu da alkawarin kwalbati. Sau biyu yana zuwa da hular kwano ta 'yan kwangila, ya tsaya a bakin ramin, a ɗauke shi hoto yana nuna wani wuri da yatsa, ya koma mota.

Gidan hayar da Manniru yake ciki yana bakin kwazazzabon. Duk ƙarshen damina yakan zagaya baya da tef ɗin awonsa ya gwada tsakanin ramin da bangon ɗakinsa. Shekarar da ya tare, yadi goma sha huɗu ne. Bana ya samu biyar da rabi. Matarsa Zaituna ta ce ya kamata maza su haɗu su je su yi magana. Ya ce gaskiya ne, ya kamata a yi wani abu, ya tashi ya ja gadonsu zuwa ɗaya bangon.

Ka ga gwani ke nan. Ka yi koyi da shi.

Sai dai sauran mutanen unguwar ba su da irin tarbiyyarsa. Da zaɓen kansiloli ya matso, Hausawa da Gbagyi da Ibo da Idoma da Tibi suka ce sun gaji. Suka yi ta zuwa karɓar kati, suka tsaya bayan wata tsohuwar shugabar makarantar firamare, Malama Elizabeth, wadda ta koyar da rabin 'ya'yansu. Ko yaro ya san idan Unguwar Gangare ta fito ranar Asabar ɗin nan, Honarabul zai koma gida ya huta.

Mataki na 3: Duk saƙon da ya shigo wayarka, ka yarda, ka tura

Kada ka tambayi wa ya faɗa. Kada ka tambayi a ina ya ji. Saƙon da ya fara da "wani babba ne ya gaya mini" ya riga ya tantance kansa. Naka shi ne ka tura wa mutum arba'in kafin shayinka ya huce.

Saura kwana tara zaɓe, wani saƙon murya ya zagaya wayoyin Hausawan unguwar. Namiji ne mai kaurin murya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya yi sallama, ya yi salati, ya ce shi ɗan'uwa ne mai kishin addini, kuma yana da labari daga sama. Ya ce mutanen coci sun tara matasa da adduna, duk Bahaushen da ya leƙa rumfar zaɓe ranar Asabar ba zai koma gida da ƙafarsa ba. Ya ce mai iyali ya kwashe iyalinsa. Ya rufe da cewa duk wanda bai tura saƙon ba, alhakin jinin 'yan'uwansa yana wuyansa.

Manniru ya saurara sau uku, ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa, har da mai sayar masa da zare a Kano.

Kafin kwana uku unguwar ta canja kama. Mai shayin bakin layi ya ɗaure teburinsa ya bi motar Sakkwato. Masu ruwa a kura suka ragu, jarka ta yi tsada. Mutanen da suka shekara goma suna gaisawa suka koma kallon ƙasa in sun haɗu. Kusa da shagon Manniru akwai rumfar Madam Perpetual, 'yar Otukpo mai sayar da shinkafa da miya, wadda ta riƙe wa Zaituna hannu a cikin Keke Napep ranar haihuwarta ta fari. Shekara goma sha ɗaya Manniru yana cin abincinta da rana. Yanzu sai ya riƙa zuwa da garin kwaki a leda, yana jiƙawa a bayan labule. Ya lura ita ma ta daina kallon wajensa, ya ɗauki hakan a matsayin hujja. Ya je tasha ya kama wa iyalinsa kujeru huɗu a motar Funtua ta safiyar Juma'a.

Zuwa nan, babu abin da zan gyara masa.

Mataki na 4: Kada ka bar matarka ta shiga maƙwabta

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Tsoro yana son kowa ya zauna a ɗakinsa da wayarsa. Da zarar mutum biyu masu tsoron juna sun zauna a tabarma ɗaya, aikin wata guda yana iya lalacewa a cikin minti goma.

Ranar Talata da hantsi Zaituna tana haɗa kaya sai ta ci karo da babbar tukunyar Madam Perpetual da ta aro tun bikin suna. Ta ce ba za ta bar gari da kayan mutane ba. Manniru ya ce ta bari sai sun dawo. Ta ce idan aka ƙone gidan fa, da wane ido za ta kalli matar? Ta ɗora tukunya a ka ta fita.

Ta tarar da Madam Perpetual a tsakar gida, ita ma tana danna kaya a cikin buhu. Suka tsaya suna kallon juna. Zaituna ta tambaye ta ina zuwa, ta ce Otukpo, kafin Hausawa su yanka su. Zaituna ta ajiye tukunyar ta ce su da ke gudun kada a yanka su, yaushe suka samu lokacin yanka wani?

Kowacce ta ciro wayarta. Saƙon da aka turo wa Madam Perpetual da Turancin buroka yake. Mai maganar ya fara da sunan Yesu, ya ce shi ɗan'uwa ne a cikin Ubangiji, yana da labari daga sama: Hausawa sun shigo da baƙi a cikin motocin shanu, duk Kiristan da ya fito ranar Asabar ya yi ban kwana da 'ya'yansa. Kaurin muryar iri ɗaya ne, har da ɗan gyaran muryar da yake yi kafin kowace rantsuwa. Amma ba wannan ne ya sa Zaituna ta zauna a kan buhun ba. Abin da ta ji a bayan muryar ne, dab da ƙarshe.

Da azahar sai ga su su biyu a shagon Manniru. Madam Perpetual, wadda Hausarta ta Abuja ce, ba ruwanta da namiji ko mace, ta aza wayar a kan kekensa.

"Manniru, ki saurara da kyau. Ki bar wannan ɗinki."

Ya saurara. A bayan mai maganar akwai kukan keken ɗinki, kukan da ya fi sanin sa fiye da na 'ya'yansa. Can keken ya tsaya. Sai wata murya daga nesa, da Hausa tsantsa, ta ce: "Oga Abdulbasit, zo ka gwada mana. Ƙugun ya yi, ko a ƙara?"

Abdulbasit shi ne na hannun daman Honarabul Garkuwa, mai riƙe masa jaka da wayoyi. Nan take Manniru ya tuna ranar. Mutumin ya zo karɓar wandonsa, ya ce bari ya amsa waya, ya zagaya bayan shago ya daɗe, da hankici a kan bakin wayar. Na Hausar ya gyara shi tsaf ya yanke ƙarshensa. Na burokar bai damu ba, don a lissafinsa babu Bahaushen da zai taɓa jin sa, kuma waɗanda za su ji ba za su kula da wani tela yana surutu a baya ba. Lissafin nasa daidai ne, in ban da tukunya.

Mataki na 5: Idan ka gane, ka yi kamar ba ka gane ba

Gaskiya takan faɗo wa mutum ba da shirinsa ba. Ba laifinka ba ne. Abin da ake so shi ne ka karkaɗe ta daga jikinka da sauri kafin ta kama.

Manniru ya yi iya ƙoƙarinsa, dole a yaba masa. Ya ce teloli nawa ne a Abuja? Ya ce kowane tela yana tambayar ƙugu. Ya ce Abdulbasit ɗin ma ai suna ne, akwai su da yawa. Zaituna ta bar shi ya gama, sannan ta ce shekara goma sha biyu tana jin muryar nan tana tambayar ko abinci ya sauka, ba wanda zai koya mata ita.

Sai ya sauya hanya. Ya ce to, ko da shi ne, shi tela ne, ba alƙali ba. Mutanen nan suna da 'yan daba, suna da manya a sama, shi kuwa keke ɗaya gare shi da 'ya'ya biyu. Ya ce su tura wa mutane saƙonnin biyu kawai, kowa ya gane wa kansa, ba sai an sa sunansa ba.

Madam Perpetual ta ce sun tura tun ɗazu. Hausawa sun ce dabarar 'yan coci ce, mutanenta sun ce dabarar Hausawa ce. Sannan ta rage murya ta gaya masa abin da bai sani ba. Ƙaninta Gift da abokansa sun yi karo-karo sun sayo adduna na gaske, sun ce ba za su zauna a yanka su kamar kaji ba. Zaituna ta ce 'yan acaɓan bakin masallaci ma sun tara gora a bayan shagon mai faci, ɗan yayarta yana cikinsu. Addunan da saƙon ya ƙirƙira sun zama na ƙarfe. Abin da ya rage kawai wani ya taka ƙafar wani.

"Idan yaro ɗaya ta mutu," in ji Madam Perpetual, "ni da ke mun san wanda ta kashe shi."

Ta ɗauki wayarta ta fita. Ranar ko garin kwakin Manniru bai iya sha ba.

Mataki na 6: Ka nemi shawarar wanda ya fi ka tsoro

Idan zuciyarka ta fara yi maka surutu, kada ka kai ta wajen mai ƙarfin hali. Ka nemi mai ilimi, mai mota, wanda zai yi maka bayanin tsoronka da Turanci har ka ji kamar hikima ce.

Ranar Laraba Manniru ya ɗauki kaftani biyu ya kai wa Alhaji Maitama a Gwarinpa, wani darakta a wata ma'aikata da ya daɗe yana yi wa ɗinki. Alhaji mutum ne mai zafi a kan lalacewar ƙasa. A falonsa babu shugaban da bai sauke daga mulki ba. Manniru ya durƙusa a gefen kafet ya kwashe labari ya gaya masa. Tun kafin ya kai rabi Alhaji ya ƙara ƙarar talabijin, ya kashe wayoyinsa biyu ya tura su ƙarƙashin matashin kujera. Ya ce abin da Manniru bai gane ba shi ne matsalar ta sistem ce gaba ɗaya, ba ta mutum ɗaya ba, kuma sai an samu wayar da kai na shekara hamsin. Ya ce shi kansa bai taɓa zaɓe ba, don kada ya halatta ɓarna. Ya ba shi lemon kwalba, ya raka shi har bakin get, ya ce in an tambaya, kaftani kawai ya kawo.

Manniru ya hau mota yana jin sauƙi. Ya dawo ya tarar da Abdulbasit zaune a kan bencinsa.

Ba faɗa ya zo yi ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Ya ce Honarabul yana so a ɗinka anko na mutum ɗari biyu don bikin nasara, kuma shi ya ce ba wanda za a ba sai Manniru. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin shagon, ya ce abin tausayi, ya ji an ce layin nan yana cikin wuraren da ake son rushewa, amma Honarabul yana iya ƙoƙarinsa a kan na mutanensa. Ya ce ya ji wasu mata suna yawo da wata magana. Manniru ya ce shi bai ji komai ba. Abdulbasit ya dafa kafaɗarsa ya ce ya san shi mutumin kirki ne.

Ka lura da kyau: an ba shi aiki, an ba shi kariya, an ba shi uzuri da Turanci, kuma kujerunsa huɗu suna jira a tasha. Ban san abin da ɗan Adam yake nema da ya wuce wannan ba.

Mataki na 7: Idan an kira taro, ka tsaya a baya, kusa da ƙofa

Mafi kyau kada ka je. Idan rashin zuwan zai jawo magana, ka je a makare, ka tsaya inda za ka iya sulalewa. Kada ka haɗa ido da kowa. Musamman matarka.

Matan biyu ba su zauna ba. Sun je wa mai unguwa, sun je wa liman, sun je wa fasto, har aka sa taro ranar Alhamis bayan la'asar a filin makarantar firamare. Mutane suka zo, amma suka rabu biyu kamar an ja layi, fili a tsakani. Gift da abokansa suna gefe guda, 'yan acaɓa suna ɗaya gefen a kan baburansu, ba wanda ya kashe inji. Manniru ya zo daga ƙarshe ya lafe a jikin ƙofar makarantar.

Aka kawo lasifikar coci aka jona da makirfon masallaci, aka saka saƙonnin biyu. Kowa ya kasa kunne. Da aka zo wajen "Oga Abdulbasit", kawuna suka juya, don mutumin yana nan a gaba, cikin shadda ruwan toka, ya zo wakiltar Honarabul.

Bai girgiza ba. Ya karɓi makirfo ya ce yanzu zamani ya zo da na'urar da ke kwaikwayon muryar kowa, kuma 'yan adawa ne suka haɗa don su ɓata masa suna. Ya ce shi ɗan gidan mutunci ne. Ya ce idan akwai wanda ya gan shi da idonsa, ko wanda zai ce muryar bayan nan tasa ce, ya fito gaban jama'a ya faɗa.

Ba wanda ya motsa. Wani daga ɓangaren 'yan acaɓa ya ce daman sun san ƙarya ce aka shirya musu. Wani daga ɗaya ɓangaren ya mayar masa da zagi. Babura suka ƙara wuta. Manniru ya ga Gift ya sa hannu a bayan rigarsa, ya ga ɗan yayar Zaituna ya sauko daga babur, yaron da shi ya ɗinka wa kayan sallarsa na farko. Liman yana ɗaga hannu, fasto yana ɗaga hannu, ba mai kallonsu.

Ya gaya mini daga baya cewa niyyarsa ta fita ce. Ƙofar tana bayansa, taku biyu. Ya rantse bai san yadda aka yi ya tsinci kansa a tsakiyar filin nan da ba kowa ba. Mai unguwa ya miƙa masa makirfo, ya riƙe shi da hannu biyu don kada ya faɗi.

"Ni ne telan," ya ce.

Muryar ta fito siririya, amma lasifika ba ta da kunya, ta kai ta har bakin titi. Ya ce a bayan shagonsa aka yi, ranar Litinin ta makon jiya, da hankici a kan waya. Ya ce shi ma ya tura saƙon wa mutum sittin da wani abu, yana neman gafarar kowa.

Abdulbasit ya yi dariya ya ce shi bai ma san wannan mutumin ba, kayansa daga Kano ake ɗinko masa.

A nan ne abin ya lalace gaba ɗaya. Manniru zai iya haƙura da a rushe masa shago, amma a tsaya a gabansa cikin ɗinkinsa a ce na Kano ne, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya nuna shi da yatsa.

"Oga, wandon da ke jikinka ni na ɗinka. Ƙugunka arba'in da shida ne, ka ce in rubuta arba'in. Da ka gwada ranar bai shiga ba, yadin kuma ya ƙare, na ƙara maka ƙyalle ta ciki daga baya. Ragowar atamfar Madam Perpetual ce, mai zanen kifi. A ɗaga rigar a duba."

Abdulbasit ya kai hannu biyu baya ya dafe ƙugunsa.

Wata tsohuwa ce ta fara dariya, daga ɓangaren coci. Sai ta tsallaka filin ta kama 'yan acaɓa. Wani ya kashe babur don ya ji da kyau, aka fassara wa waɗanda ba su ji ba, dariyar ta sake tashi sabuwa. Mutane suka riƙa cewa a ɗaga, a ɗaga. Abdulbasit ya ja da baya, da baya, bai yarda ya juya wa kowa ƙeya ba har ya shiga mota, ya zauna a kan shaidar. Madam Perpetual tana ta faɗa wa na kusa da ita cewa ta daɗe tana neman ragowar atamfar nan.

Masana ba su gano maganin wannan ba har yanzu: mutanen da suka yi dariya tare yau, da wuya ka sa su sari juna jibi.

Mataki na 8: Ka tuna cewa abin yana da farashi

Kada wani ya ruɗe ka da cewa mai gaskiya ba ya shan wahala. Da safiyar Juma'a Manniru ya tarar an fasa allon shagonsa, an zana jan fenti a ƙofar, an tsinke wayar wutarsa. Ankon mutum ɗari biyu ya tafi wajen wani tela a Nyanya. Alhaji Maitama bai sake aiko da yadi ba, ko kiran waya ya daina ɗauka. Manniru ya roƙi Zaituna su bi motar Funtua tun ba ta tashi ba. Ta ce ta riga ta kwance kaya, kuma ba ta ɗaure kaya sau biyu a mako ɗaya. Ya wuni a shago, duk babur ɗin da ya wuce sai ya leƙa ta labule. Gift da wasu 'yan acaɓa biyu suka zo suka zauna a bencinsa ba tare da ya gayyace su ba, suna gardamar ƙwallo har magariba.

Ranar Asabar layi ya kai har bakin kwazazzabon. Manniru ya tsaya awa huɗu a rana, katinsa ya jiƙe da gumi a hannunsa, yana ta waige. Ba wanda ya zo da adda. Abin da ya fi kusa da tashin hankali shi ne wasu mata biyu da suka yi cacar baki a kan kujera. Aka ƙi tafiya har aka ƙirga ƙuri'u a gaban kowa. Malama Elizabeth ta ci, da ratar da ba ta kai yawan mutanen da suka fasa tafiya ba.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya gyaru. Damina ta zo kafin kwangila, ta tafi da bangon kicin ɗin Zaituna. Wata takwas ana cewa takarda tana ofis. Sai mutanen unguwar suka ɗauki wata mummunar ɗabi'a ta cika mota duk Litinin ɗin farkon wata su je su zauna a ofishin Malama, wadda suka zaɓa da hannunsu, su tambaye ta ina aka kwana. Kuma duk zuwa, in an ce wa zai yi magana, sai a turo Manniru gaba. Har yau sai ya shiga ban-ɗaki sau biyu kafin a tashi. An zuba rabin kwalbatin, ana jiran rabin, shi kuma mutumin da ya shekara goma sha bakwai ba wanda ya san muryarsa yanzu ba shi da Litinin ɗin kansa. Ko famfo ne ya fashe a unguwar sai a zo shagonsa.

Ka auna da kanka ko irin rayuwar da kake so ke nan.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya same ka, ko ka bi matakan nan ko ka saɓa. Idan ka bi su ramin ya cinye ɗakinka, tsakaninka da ramin ne. Idan ka saɓa ka buɗe baki aka fasa maka allo, ban aike ka ba. Ban san Honarabul ba, ban san Abdulbasit ba, Manniru ma gaisuwa ce kawai. Ba na cikin filin makarantar ranar Alhamis, labari aka ba ni. Masu cewa sun gan ni a layi ranar Asabar, inuwa na tsaya sha, layin ne ya yi ta matsawa da ni. Tawadar da aka gani a babban yatsana kuma, biro ne ya fashe mini a aljihu.